Tsadar Cefane Da Lambun Bayan Gida: Ina Ikkilisiya Ta Tsaya?

A makon da ya gabaci Kirsimetin shekarar 2024, mutane 67 suka rasa rayukansu a wurare uku na ƙasar nan wajen turmutsutsin karɓar abinci da kyaututtuka. A Ibadan yara 35 ne suka mutu ranar 18 ga Disamba. Bayan kwana uku aka rasa mutum 22 a Okija ta Jihar Anambra, a ranar kuma mutum 10 suka mutu a harabar wata majami'a da ke Maitama, Abuja, inda aka shirya raba wa mabukata shinkafa da tufafi. Waɗanda suka shirya rabon alheri suka nufa. Amma fa abin da ya fitar da mata da tsofaffi daga gidajensu tun kafin asuba, su yi ta tura juna saboda mudun shinkafa, shi ne abin da ya kamata kowace ikkilisiya ta zauna ta duba da idon basira. Yunwa ta shiga gidajen mutane, har da gidajen masu albashi.

Yadda aka kai ga wannan hali ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki darajar Naira, Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta zarce Naira 1,500 a farkon 2024. Kowane kwandon tumatir da buhun albasa a mota yake zuwa kasuwa, injin ban-ruwa da fetur yake aiki, takin zamani da maganin feshi kuma farashinsu yana bin Dala. Don haka Gwamnatin Tarayya da kanta ta kafa dokar ta-ɓaci a kan abinci a watan Yuli 2023. A watan Yuni 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da kusan kashi 41 cikin 100 a cikin shekara guda. An ɗaga albashi mafi ƙanƙanta zuwa Naira 70,000 a watan Yuli na wannan shekara, duk da haka a farkon Agusta matasa suka fito zanga-zangar yunwa a garuruwa da yawa. Gaskiya ne a 2025 farashin masara da dawa da shinkafa ya sauko a kasuwanni da dama, amma kowace uwargida ta san kuɗin cefanen miya bai koma inda yake kafin 2023 ba.

A cikin wannan yanayi ne aka sake tayar da maganar lambun bayan gida. Uwargidan Shugaban Ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta buɗe gasar da ke kiran kowane gida ya yi lambunsa, manyan ma'aikata kuma suka yi ta maimaita kiran a rediyo da talabijin. Jama'a suka rabu biyu. Waɗansu suka ce shawara ce mai kyau. Waɗansu suka ce ba'a ce, gama wanda ke zaune a ɗaki ɗaya na haya, yana sayen ruwa a jarka, ina zai shuka tumatir? Mu a namu ganin kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya, kuma wajibi ne mu haɗa su kafin mu faɗa wa jama'armu abin da za su yi.

MUN TAƁA JIN WANNAN KIRA

Iyayenmu sun tuna da shirin ciyar da ƙasa da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a 1976. An ce kowa ya noma duk fegin da ke kusa da shi, makarantu da barikoki da ma'aikatu suka yi gonaki, aka tura ɗalibai ƙauyuka a lokacin dogon hutu. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta sauya shi da nata shirin na bunƙasa noma. A 1987 aka zo da shirin kyautata rayuwar matan karkara, a 1994 kuma shirin tallafa wa iyali. Kowannensu ya zo da ganga da taro, kowannensu ya kwanta da gwamnatin da ta haife shi ta sauka. A shekarun da ake cewa kowa ya yi noma, a shekarun ne kuɗin man fetur ya sa jiragen ruwa suka yi ta sauke shinkafar waje a Legas.

Darasin da ke nan shi ne, lambun da aka shuka domin gasa ko domin zuwan babban baƙo yakan bushe da zarar baƙon ya tafi. Wanda yake daɗewa shi ne wanda aka shuka domin tukunyar gida. Ikkilisiya ma tana da nata tarihin a wannan fage. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka fara aikin haɗa bangaskiya da noma a ƙasar Filato, inda ake koya wa masu bi noma da kiwo tare da Maganar Allah, makarantun Littafi Mai Tsarki da yawa kuma sukan ba kowane ɗalibi fegin da zai ciyar da iyalinsa. Da muka shigo birane muka sa takalma, sai muka fara jin kunyar fartanya. Alhali kuwa Littafin Farawa, sura 2, ya nuna mana cewa aikin fari da aka danƙa wa mutum kula da gona ne, tun zunubi bai shigo duniya ba. Wahala da zufar banza ne suka zo daga baya.

ABIN DA LAMBU ZAI IYA YI

Bari mu yi lissafi irin na uwargida. Hatsi ana iya sayensa da kaka a ajiye, amma kayan miya kullum sai an fitar da kuɗi. In kuɗi ya gaza, abin da ake fara yankewa shi ne ganye da tumatir da nama, a bar yara da tuwo da miyar da ba ta da komai sai gishiri da dunƙule. Cikin yaro zai cika, jikinsa kuwa ba zai ginu ba. A nan ne tamowa take samun ƙofa. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta ba da labarin cewa yara 652 suka mutu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025. Ganyen alayyafo, zogale, rama, lalo, yakuwa da ugu suna ɗauke da abubuwan da ke ƙara jini da kare ido da ƙarfafa jiki, waɗanda masara da rogo ba su da su sosai. Wannan giɓi ne lambun gida yake cikewa, kuma ba ƙaramin giɓi ba ne.

Abu na biyu shi ne saurinsa. Alayyafo ana fara tsinkarsa bayan mako 4 ko 5 da shuka, in an yanke shi sama da gindi kuma yakan sake tofowa. Kuɓewa takan fara 'ya'ya cikin wata biyu, ta ci gaba da bayarwa muddin ana tsinka kowane kwana biyu ko uku. Zogale guda biyu ko uku a jikin katanga, in ana sare kansu daidai ƙirjin mutum domin su yi rassa, za su ba gida ganye kusan duk shekara. Shuwaka reshenta kawai ake dasawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar rancen banki.

Abu na uku, lambun gida yana rage mana dogara ga kasuwar da ba ta da tabbas. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Arewa, har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, sabon kamfanin sarrafa tumatir na Kadawa a Jihar Kano kuma ya tsaya don rashin kaya. A 2024 tsutsar ta sake ɓarna, tumatir ya zama abin kallo a kasuwa. Ko babu tsutsa ma, kowa ya san daga watan Mayu zuwa Yuli tumatir yakan yi tsada, domin noman rani ya ƙare, na damina bai iso ba. Gidan da ya yanka tumatir da tattasai da kuɓewa ya shanya a lokacin da suke banza, ya kuma shanya ganye a inuwa domin kada rana ta ƙone amfaninsa, ba zai ji zafin waɗannan watanni kamar maƙwabcinsa ba.

YADDA ZA A FARA BA TARE DA KUƊI MAI YAWA BA

Mai ɗan fili a bayan ɗaki ya fara da fangali biyu ko uku, faɗin kowanne kada ya wuce inda hannu zai kai tsakiya, domin kada a riƙa taka ƙasar. A zaɓi inda rana take samu aƙalla rabin yini. Kafin a sayi iri, a fara yin shinge da kara ko zana ko tsohon gidan sauro, gama akuya guda za ta share aikin wata biyu kafin a dawo daga sujada, kuma rigimar akuya ta sha raba maƙwabta, har masu zama a benci ɗaya ranar Lahadi.

Wanda tsakar gidansa siminti ne, buhu zai yi masa. A sami tsohon buhun hatsi, a haɗa ƙasa mai kyau kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, da ɗan yashi in ƙasar laka ce. A sa gwangwani marar gindi a tsakiyar buhun, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa kewaye, a riƙa jan gwangwanin sama ana ƙara tsakuwa har buhun ya cika. Wannan ginshiƙin tsakuwa shi ne hanyar da ruwa zai bi ya kai ƙasan buhu. Sa'an nan a huda gefen buhun nan da can a dasa alayyafo ko latas, a bisa kuma a sa tumatir ko attarugu guda ɗaya ko biyu. Fasasshen bokiti da tsohuwar roba ma suna aiki, muddin an huda gindinsu ruwa ya riƙa fita. Wani amfanin buhu shi ne, ranar da mai gida ya ce a tashi, lambun zai hau kura tare da katifa.

Taki ba sai na kanti ba. A haƙa rami a kusurwar gida, a riƙa zuba ɓawon doya da na ayaba, busasshen ganye, sharar tsakar gida wadda ba leda a ciki, kashin kaji ko na awaki, da ɗan toka, a yayyafa ruwa, a juya shi bayan kowane mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙar ƙasa mai laushi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka, sai an bar shi ya ruɓe. A kuma guji ɗebo ƙasa daga bolar gari inda ake zubar da batir da baƙin mai da sharar asibiti, komai baƙinta.

Ruwa shi ne babbar matsala, musamman da bazara. Ruwan da aka wanke shinkafa da ganye da shi, da na ɗauraye kwanuka in ba sabulu da yawa a ciki, duk ya isa a tara a zuba a gindin shuka da safe ko da yamma. A rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don kada rana ta shanye laimar. Akwai kuma dabarar tulu: a binne tulun ƙasa har wuya a tsakiyar fangali, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa, ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwoyin da ke kewaye. Da damina a tari ruwan indararo a randa ko duro, amma a rufe, kada mu yi kiwon sauro da hannunmu.

Kowane abu da lokacinsa. Da damina a ba da ƙarfi ga alayyafo, kuɓewa, rama, yakuwa, lalo da kabewa. Tumatir, albasa, latas, kabeji da karas sun fi son sanyin hunturu. A yi renon irin tumatir wajen watan Oktoba, a dasa bayan mako 3 ko 4, a kafa masa sanda kada 'ya'yan su kwanta a ƙasa. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya su da yashi kafin a watsa.

Akwai gargaɗi biyu da ba za mu yi shiru a kansu ba. Na fari, kada a ba ganye ruwan kwata ko na kusa da masai. Ƙasar nan ta yi fama da annobar amai da gudawa a 2021 da 2024, ganyen da ake ci ɗanye kamar latas kuwa yana iya kai cutar har cikin kwano. Na biyu, kada a fesa wa kayan miya maganin da aka yi domin kashe sauro da kyankyaso, ko wanda ake sayarwa a kwalba ba takarda. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan guba a cikinsa. Abin da baƙi suka ƙi, kada mu ba 'ya'yanmu. A ƙaramin lambu ana iya tsince tsutsa da hannu a cire ganyen da ya kamu. In ƙwari sun yi yawa, a daka busassun 'ya'yan darbejiya kamar rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Mai neman ƙarin bayani ya nemi malamin gona na yankinsa, ko littattafan Hausa da ma'aikatan faɗakar da manoma na Samaru, Zariya, suka daɗe suna bugawa.

INDA ƘARFINSA YA TSAYA

To, amma kada mu ruɗi kanmu. Lambun bayan gida miya yake bayarwa, tuwo kuwa daga gona yake fitowa. Buhu ashirin a tsakar gida ba za su ba iyali mai mutum bakwai hatsin wata ɗaya ba. A ƙarshen 2024 binciken haɗin gwiwa na gwamnati da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi hasashen cewa mutane wajen miliyan 33 za su shiga matsanancin ƙarancin abinci a daminar 2025. Da yawansu manoma ne da aka raba da gonakinsu. Ba mu manta da manoman shinkafa da aka yanka a Zabarmari ta Jihar Borno a watan Nuwamba 2020 ba, ko ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi da aka afka wa a jajibirin Kirsimetin 2023, ko ƙauyukan Zamfara da Katsina da Neja inda 'yan bindiga ke sa wa manomi haraji kafin ya shiga gonarsa. Wannan masifa ba ta tambayar ko mutum Kirista ne ko Musulmi. Wanda ya saba cika rumbu uku, yau yana kwana a ajin firamare, in aka ce masa ya shuka tumatir a bokiti an ƙara masa ciwo.

Saboda haka muna karɓar shawarar lambu hannu bibbiyu, amma ba za mu yarda ta zama mayafin da shugabanni za su rufe nasu alhakin da shi ba. Tsare ran manomi a gonarsa, gyara hanyar ƙauye, sauƙaƙa taki, kawo ruwan famfo unguwannin talakawa, duk aikin hukuma ne, kuma hakkin shugabannin ikkilisiya ne su faɗa da babbar murya, cikin ladabi, ba tsoro. Littafin Sarakuna na Fari, sura 21, ya ba mu labarin Sarki Ahab wanda shi ma lambun ganye yake so ya yi kusa da fadarsa, amma a kan gonar gādon Nabot. Annabi Iliya bai yi shiru ba. Duk inda mai ƙarfi ke cin ƙasar marar ƙarfi, maganar lambu ba ta isa ta rufe bakin ikkilisiya ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Bayan mun faɗa wa hukuma tata, sai mu dubi tamu harabar. Majami'u nawa ne a Kaduna, Jos, Zariya, Gombe, Yola da Kafanchan suke da filin da ba abin da ke tsirowa a ciki sai ciyawa, ana kuma biyan kuɗi a share ta? Majami'u nawa ne suke da rijiyar burtsatse wadda ruwanta ke malala a banza bayan an cika jarkoki? Amsar mai ɗakin haya tana nan. Dattawan ikkilisiya za su iya yanka filin fangali fangali, a ba gwauraye da 'yan haya da waɗanda rikici ya koro, a rubuta sunan kowa da ƙa'idar ruwa domin kada gardama ta tashi. Ƙungiyar matasa ta ɗauki aikin shinge da ramin taki da renon iri, ta sayar wa masu hali, ta ba marasa hali kyauta. Zumuntar Mata, wadda ta fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba, ta riƙa tara irin kuɓewa da alayyafo da yakuwa bayan kaka a rarraba. Waɗanda suka gudo daga ƙauye sun fi mu sanin ƙasa, a sa su su koya mana, ta haka mai karɓa zai zama mai bayarwa, mutuncinsa ya dawo.

Muna da magana ta musamman ga maza. Kada lambu ya zama wani sabon kaya da za a ɗora wa matar da ta riga ta ɗebo ruwa, ta yi girki, ta je kasuwa da goyo. Haƙa da shinge da ɗaukar ƙasa aikin maigida ne da samarin gida, ko da kuwa yana ɗaura wuya ya tafi ofis. Yaron da ya ga ubansa riƙe da fartanya ba zai raina ta ba.

Rabon abinci ba za a daina shi ba, gama akwai tsofaffi da marasa lafiya da ba za su iya haƙa ba. Sai dai a yi shi bisa tsari. A Ayyukan Manzanni, sura 6, da gunaguni ya tashi a kan rabon abincin gwauraye, mutum bakwai amintattu aka zaɓa aka danƙa musu aikin. A kai wa mabukaci har gida, bisa sunayen da aka riga aka sani, ya fi a tara dubbai a bakin ƙofa guda. Kayan lambun majami'a ma ta wannan hanya za su isa inda ya kamata, kuma kada a tsaya tambayar addinin maƙwabcin da yaronsa ke rama.

Annabi Irmiya, a sura 29, ya rubuta wa mutanensa da ke bauta a Babila, waɗanda suke zaune suna jiran a cece su gobe ko jibi, ya shawarce su su kama zama, su yi shuka, su kuma nemi lafiyar garin da suke ciki. Bai ce wahalarsu ƙarama ba ce. Ya dai hana su naɗe hannu. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Muna roƙon kowane kwamitin ikkilisiya ya sa wannan magana cikin abin da zai tattauna a zamansa na gaba, a fita a auna filin, a san wanda zai riƙe mabuɗin ruwa. Kowane gida kuma ya fara da buhu biyu da zogale ɗaya. In Ubangiji ya kai mu ranar godiyar kaka, bari a ga kwandon da ya fito daga bayan ɗakinmu a gaban bagade. Allah ya ba ƙasarmu salama, ya mai da manoma gonakinsu lafiya, ya sa albarka a aikin hannuwanmu. Amin.